Gyaran Waya da Goyo a Kasuwar Gwagwalada

Wayar farko da na taɓa buɗewa da hannuna ta wata mai sayar da doya ce daga Yangoji, Mama Talatu. Ta faɗa mata cikin bokitin wanki, sai wani ya ba ta shawara ta binne ta a ɗanyar shinkafa ta tsotse ruwan. Ita kuwa ba ta da shinkafa a gida, sai ta binne ta a garin rogo. Da ta kwance bakin zaninta ta ajiye wayar a teburin ogana, har da tururuwa ke fitowa ta wajen caji.

Oga Yohanna ya kalli wayar, ya kalli Mama Talatu, ya ce, "Mama, ai kin gama haɗawa. Saura suga da gyaɗa mu sha."

Ta kai masa duka da gefen zani tana dariya. Shi kuma ya turo min wayar da tsohon burushin haƙori da kwalbar sifirit, ya ce, "Kai Sa'a, wanke ta." Mutumin Filato ne, har ya bar garin nan "kai" yake ce min, ban taɓa gyara masa ba. Na yini ina goge gari daga lungu-lungun fanel, wato injin wayar. Da yamma muka sa batir, ta kawo haske. 

Abin da ya sa nake wannan rubutu, 'yan matan layinmu ne. Sukan zo su zauna a bencina, su ga na canza wajen caji kafin su shanye fiya wata, sai su ce, "Anti, ai wannan ba wuya, koya mana kafin a koma hutu." In ba wannan ba, sai tambayar wace sabuwar waya za su matsa wa iyayensu su saya. Karatuna bai yi nisa ba, a ƙaramar sakandare na tsaya, don haka a yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Zoɓo nake kawowa layin masu gyaran waya kafin in shiga sana'ar. Wata rana noti ya faɗi daga teburin Oga Yohanna, shi da mai wayar suka durƙusa suna lalube a ƙasa. Ni kuwa na ga inda ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin ledar biredi, na nuna masa. Ya ɗaga kai ya ce, "Idon nan naka ya fi ƙarfin zoɓo." Shi ya je har gida ya samu Innata. Ta ce aikin maza ne, ya ce yatsun maza sun yi wa wayoyin yanzu kauri. Ta ce a bar ni ina tashi in yi salla a kan lokaci, ya ce shi zai riƙa tuna min. Kuma ya riƙa tunawa, wani lokaci tun ladan bai kira ba.

Kayan aikin ba su da yawa, duk za su shige jakar hannu. Sukundireba ƙanana, hantsaki, mita ta gwada wuta, ƙarfen walda da dalma, gam, da bulowa mai hura iska mai zafi. Sai wani abu da ba a sayarwa a shago: tsohon katin roba da aka goge bakinsa ya yi siriri. Na daɗe ba a bar ni na taɓa ƙarfen walda ba. Aikina kwance notuka da mayar da su. Za ku ce wannan ai yaro ma zai yi. To, notukan waya a ido duk ɗaya ne, amma wani ya fi wani tsawo da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ki ɗaura dogon a ramin gajeren, sai ya huda fanel ta ciki, wayar da aka kawo don lasifika ta koma gida gawa. Oga yana da tabarmar maganaɗisu mai rubutun Turanci. Ni da rubutun ba ya yi min sauri, sai na samu farin ƙyalle, duk notin da na cire in ajiye shi daidai inda yake zaune a jikin wayar, na sama a sama, na gefe a gefe. Har yau in wani ya jingina da teburina ya ja ƙyallen nan, mukan ɓata.

A teburin nan na ji ra'ayin mutane kan waya iri-iri. Akwai wani direban doguwar mota da ke bin hanyar Lokoja, wayarsa ɗaure da roba, batirin yana leƙowa. Duk zuwansa sai an ce masa ya sayi sabuwa, shi kuma ya ce, "In na danna tana cewa salamu alaikum, a can a amsa. Me sabuwar za ta ƙara, za ta tuƙa min mota ne?" Akwai 'yan jami'a, su kuwa kyamara suke ƙirgawa a bayan waya. Na sha ganin wadda ta sayi murfi mai ramukan kyamara uku ta sa wa mai kyamara ɗaya, kuma in ta riƙe daga nesa wallahi sai ki rantse. Akwai ma'aikatan cikin gari da ke canzawa duk shekara. Ɗayansu ya taɓa ajiye ta bara da ta bana a gabana, ya ce tsakanina da Allah in gaya masa bambancinsu, don shi bai gani ba sai a kwali. Mama Talatu ma 'ya'yanta sun haɗa mata ta shafawa. Ba a jima ba ta dawo tana neman mai maɓalli, wai hannun da ya yini cikin ƙasar doya in ta shafa wayar ba ta san da mutum ba.

Ni dai abin da nake gaya wa mai tambaya, kafin ki tambayi kuɗin waya, ki tambayi kuɗin gilashinta. Waya sai ta faɗi, ko a hannun waye, balle gidan da akwai yara. In gilashin ya fi ƙarfinki, wayar ma ta fi ƙarfinki ko da kyauta aka ba ki. In taki tana riƙe caji, ba ta cika tana ƙin karɓar hoto ba, kuma ana samun kayanta a kasuwa, ki riƙe abarki. Ba na ce sababbin ba su da kirki ba. Suna gani a duhu, wannan na yarda. Na taɓa ɗaukar hoton ƙuraje a wuyan ɗana da ta wata kwastoma na tura wa 'yar'uwata mai aikin jinya, ta gane abin nan take, alhali a tawa da an ɗauka sai ki ce inuwa ce. Amma a wajen mai gyara, sabuwar waya wata aba ce daban.

Wayoyin da na koya a kansu, da farce ake ɓalle bayansu, batir ya faɗo hannu. Na yanzu liƙe suke da gam ko'ina, ba ƙofa ba taga. Wasu ta gilashin gaba ake shiga. Sai an hura masa zafi gam ya yi laushi, a soka kati a bakin, a bi gefe-gefe a hankali. Zafi ya yi yawa, gilashin ya ƙone ya yi tabo. Ya yi kaɗan, ya tsage. Ga kuma wata siririyar jijiya a ƙasa mai kama da ɓawon albasa, kati ya wuce gona da iri ya yanke ta, shi ke nan. Oga ba ya barina in taɓa masu tsadar cikinsu. Matattu yake ba ni in koya, waɗanda masu su suka haƙura.

Sai ga shekarar da ba na son tunawa. Aka yi rusau a layinmu, muka zo da safe muka tarar da rumfuna a ƙasa, ruwan sama na dukan katako. Kayan gyara kuma suka yi tashin da in ka faɗa wa mutum kuɗin gilashi sai ya mayar da fasasshiyar wayarsa aljihu ya ce zai lallaɓa. Oga Yohanna ya ce shi ya gaji, idonsa ma ya fara gajiya, zai koma gida noman dankali. Kafin ya tafi ya yi min yaye. Muka kawo lemo da cincin, ya yi addu'a irin tasu, kawuna ya yi irin tamu, ya ɗauki bulowarsa ya ɗora min a hannu. Ya ce, "Kai Sa'a, kar ka sayar da wannan ko yunwa ta zo."

Lokacin na yi aure, na haifi Walid, bai ma fara zama ba. Na samu ɗan gurbi a can ƙarshen sabon layi, kusa da mai sayar da caja, na kafa tebur da guntun benci na mutum biyu. Janareta ba ni da shi, sai in an kawo wuta. Mutane su biyo layi, su wuce maza goma sha, su iso kaina su ga mace da goyo, su tambaye ni ina mai teburin ya tafi.

Baban Walid keke yake ja, kuma ba mai hana ni nema ba ne. Amma wata rana ya zo ɗaukata ya ga hayaƙin dalma na tashi, yaro a bayana yana atishawa. Muka kama hanya har muka kusa gida. Ya ce, "Sa'a, mu ba abin nan zuwa ƙarshen damina. In bai tashi ba, ki dawo gida ki soya awara a ƙofa, yaro ya huta, ke ma ki huta." Na ce to, don gaskiya ya faɗa. Na sayi 'yar fanka ina kora hayaƙin gefe. Yaron kuwa ba na sauke shi. Kasuwa ce, ana jin labaran satar yara, ni kuma ko maƙwabciyata ta ce in kawo ta riƙe min sai in ce yanzu ya sha nono zai yi amai. A bayana yake tun safe har yamma, ina aiki ina taɓa ƙafarsa da gwiwar hannu in ji yana nan.

Rashin aiki ya ba ni lokacin kallo. Na lura mata in sun zo layin ba sa miƙa waya kai tsaye. Sai su koma gefe su juya baya, su yi ta danne-danne tukuna. Hotuna suke gogewa. Mai gyara zai ce, "Bar ta, ba ni lambar sirri, ki dawo gobe," ita kuma a ciki akwai hotonta ba ɗankwali, akwai na 'ya'yanta mata, akwai hirarta da mijinta. Wasu in an nemi lambar sai su karɓi wayar su tafi da ita a lalace.

Wata ranar Asabar ana cikin damina, na hango wata mata mai farin leshi da gilashin ido tana bin teburan maza ɗaya bayan ɗaya, ko'ina ta tsaya sai ta girgiza kai ta wuce. Ta iso kaina a gajiye. Daga baya na san sunanta Hajiya Bilkisu, a wata ma'aikata take aiki cikin gari. Ta fito da waya, irin masu tsadar nan da gilashinsu ya lanƙwasa ta gefe. Ta ce in ta yi magana ba a jin ta, watanni ke nan da iyafis take yawo kamar mai tuƙa jirgi.

Na ce, "Hajiya, ki zauna nan. A gabanki zan yi. In an zo gwaji ke za ki buɗe abarki da hannunki."

Ta zare gilashin idonta ta dube ni, ta dubi goyon. Ta ce, "'Yata, irin wannan nawa kika taɓa buɗewa?"

Na ce, "Matattu da yawa. Mai rai, taki ce ta farko."

Ta juya wayar a hannunta. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta share bencin da hankici ta zauna, ta ce, "Bismillah. Ke dai kin faɗi gaskiya, su can kowa cewa yake jiya ma ya yi goma."

Na leƙa wajen mai kaya na karɓo ƙaramin fanel na ƙasa, wanda makirfon ke jikinsa. Akwai wuta, Walid na barci. Na shimfiɗa ƙyalle, na kunna bulowa, na bi gefen gilashin ina zagayawa har ya yi zafin da yatsa ba zai daɗe a kai ba. Na soka kati, ya shiga. Na fara ja a hankali, gam na saki. Na kai wajen rabi ke nan aka ɗauke wuta.

Kasuwa gaba ɗaya ta ce "Ahh!" Bulowa ta mutu, fanka ta tsaya. Gilashin gefe ɗaya a ɗage, gefe ɗaya a liƙe, gam kuma ya fara hucewa, ba abin da zan sake hura masa. In na ci gaba yanzu da sauran ɗumi, zai fita. In na saki ya koma ya kama a karkace, wurin lanƙwasar nan ne zai tsage, kuma gilashin nan ko na haɗa teburin da abin da ke kansa ban biya shi ba.

Tsayawar fanka ta tashi Walid. Ya callara ƙara, ya banƙare, ya sa ƙafa ya tokare ƙuguna. Na ji ƙullin zanin goyo ya saki a ƙirjina. Na matse shi da haɓa da damtse, hannun hagu na riƙe da gilashi, na dama na riƙe da kati. Yaro ya fara sulalewa. Ba zan ɓoye ba, da ya ƙara zamewa ko kaɗan da na saki wayar, ko ta nawa ce.

Hajiya ta miƙe ta ce, "Kawo shi."

Na ce, "Hajiya, ba ya yarda da..."

"Ke, biyar na haifa. Sunkuya."

Na sunkuya. Na ji an zare min shi daga baya, iska ta bugi wajen da ya jiƙe da gumi. Tunda na haife shi ban taɓa jin bayana wayam a kasuwa ba. Idona ɗaya na kan kati, ɗaya na son juyawa.

Ta ce, "Kalli aikinki. Ina zan je da shi, wayata na hannunki a buɗe? Ki riƙe min tawa, in riƙe miki naki."

Ta tsaya daidai inda zan riƙa ganin ƙafafunta ta ƙasan tebur, tana jijjiga shi tana ce masa maigida, wa ya taɓa min maigida. Na bi sauran gefen, kati na tafiya da ƙyar, gam na yin zare-zare. Na zo kwanar ƙarshe na ji ya ɗan cije. Na dakata, na hura masa numfashin bakina, ko ya yi amfani ko bai yi ba Allah ne masani, na karkata katin. Gilashin ya ɗago lafiya, jijiyarsa na nan ba ko ƙwarzane.

A daidai nan Hajiya ta ce, "La ilaha illallahu. 'Yata, maigidan ya yi min wanka."

Na ɗago. Farin leshin nan tun daga ƙirji har cinya ya jiƙe, don zafi ya sa na cire masa famfas na bar shi da ɗan wando. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki yi haƙuri, ga hannuna ba zai ɗagu ba."

Ta ce, "Wa ya ce ki ɗaga? Ƙarasa. Na ɗauka na gama da wannan tun da autata ta shiga jami'a."

Sauran aikin ba ya bukatar wuta. Na kwance notuka, na canza fanel ɗin, na mayar da kowane noti raminsa. Kafin in liƙe na miƙa mata, ta buɗe da hannunta, ta kira mijinta, Walid na saɓe a kafaɗarta yana wasa da ɗankunnenta.

"Alhaji, kana ji na?"

Muryarsa ta fito har ni ina ji. "Tar nake jin ki. Amma tsaya, jaririn wa nake ji? Gyaran waya kika ce min za ki."

Ta yi dariya har da riƙe tebur. Na sa sabon gam, na ɗaure wayar da roba ta kama. Da za ta tafi ta yafa gyalenta ta gaba ta rufe leshin, ta miƙo min yaron, ta ce akwai wata a ofishinsu da ta fi ta buƙatata.

Wannan ta zo, ta kawo ƙanwarta. Sai ma'aikatan jinya, sai amare, sai matan coci da ke biyowa ranar Lahadi da yamma. Ban taɓa kafa allo ba. Abin da suke gaya wa juna kawai shi ne, akwai wata a ƙarshen layi, a gabanki take yi, ba ta tambayar lamba, amma fa ki shirya riƙon yaro. Haka ya zama tsarin teburin ba tare da na tsara ba. In aikin zafi ne, mai waya ta karɓi goyo ta zauna inda zan gan ta. Yanzu Walid ya shiga makaranta, ƙanwarsa Hanifa ce ke zagaya hannuwa, kuma ita da famfas ɗinta take zuwa. Har yau nakan ɗago in duba fiye da yadda ya kamata. Alhamdulillahi, muna ci muna sha, na kuma sayi ɗan janareta.

Amma a waccan shekarar, ruwa ya ɗauke, masu doya suka fara shigowa da sabuwa, ni da Baban Walid ba wanda ya tayar da maganar wa'adi. Ina jira, shi ma na san yana sane. Wata la'asar ya ajiye keke ya shigo layin. Ya tarar da mata biyu a benci, ta uku a tsaye da jaka a hannu tana sauya ƙafa. Walid na kan cinyar wata Madam mai ɗaurin gwaggwaro, tana yi masa waƙa da yarensu, shi kuma yana ta ƙyaƙyatawa.

Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kin san ta?"

Na ce, "Ban san ta ba. Amma ga wayarta nan a buɗe."

Ya daɗe a tsaye yana kallon yaron, yana kallon hannuna. Sai ya ce wa matan su yi haƙuri su ɗan ɗaga jakunkunansu. Ya sunkuya ya auna bencin da taƙin hannu, ya auna filin da ya rage har jikin rumfar mai caja, ya juya zai fita.

Na ce, "Ina kuma za ka? Ban tashi ba tukuna."

Ya ce, "Wajen kafinta. Baiwar Allah nan ta gaji da tsayuwa."